Gidan Kifin Taubashina

Gonarmu ce ta ƙarshe a layinmu, can ƙasa da Bunkure, inda ƙaramin kanal yake ƙarewa. In an saki ruwa, sai kowa ya sha ya ƙoshi, tun daga na bakin titi har zuwa maƙwabcina, sannan ragowar ta gangaro mana tana jan ƙafa. In kuma ruwan sama ya yi yawa, duk abin da gonakin sama suka ƙi, a kanmu yake sauka. Abin da ya hana mu nutsewa tun zamanin mahaifina magudana ce guda ɗaya, wani dogon rami da aka haƙa a gefen gonar, mai kwashe rarar ruwa ya kai kogi. Daga kunyata ta ƙarshe zuwa inda magudanar take shiga kogin, ko tsohuwa ta yi jifa za ta kai. Ban taɓa damuwa da wannan bakin magudana ba sai shekarar da taubashina ya dawo daga Ikko.

Ɗan gwaggona ne, ƙanwar mahaifina, kuma sa'ana ne. Kowa ya san abin da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Tun muna yawo ba wando yake ce min bawansa, ni ma nake ce masa nawa. Ya taɓa zuba min barkono a fura, ni kuma na ɗaure masa bunsuru a ƙofar ɗaki ranar da amaryarsa ta tare. A wajen suna ko ɗaurin aure, in muka haɗu, mutane har matsowa suke yi su ji wanda zai kayar da wani. Ba zan ce ban ji daɗin abin ba a lokacinsa. Sai dai ba wanda ya taɓa gaya min cewa ranar da kake da magana ta gaske da taubashinka, ba ka da bakin da za ka faɗe ta a ji.

Acaɓa ya tafi yi. Da aka hana acaɓa a unguwar da yake, sai ya gangara bakin ruwa ya liƙe wa masuntan can, ya yi 'yan shekaru yana ja musu igiya. Ya dawo ya ƙara baƙi, ya ƙara baki. Kullum da safe yana teburin mai shayi yana ba da labarin teku ga mutanen da ko madatsar Tiga ba su taɓa zuwa ba. Wai can, in zafi ya fara, kifi yakan baro zurfi ya shigo lungunan da koguna suke zuba cikin teku, don ruwan wurin ya fi ɗumi, a nan yake zuba ƙwai. Wai masuntan ba sa wahalar binsa. Rassan itace suke sarowa su kakkafa a cikin laka, cunkus, su tafi abinsu. Gansakuka ta kama rassan, kifi ya zo ci, ya sami inuwa da maɓoya, ya zauna ya hayayyafa. In an kwana biyu sai su zagaye wurin da taru, su tsige rassan ɗaya bayan ɗaya, su kwashe kifin a zaune. Abin yana da wani suna a yarensu. Ya faɗa min ya fi a ƙirga, na ƙi riƙewa da gangan.

To, mu ma muna da namu ɗan lungun. Inda magudanar nan take shiga kogi akwai wani fili da ruwa yake kwanciya, da bazara bai wuce ƙugu ba, kuma in rana ta take sai ya yi ɗumi kamar ruwan wankan jariri. Karfasa tana son wurin, mun sani tun muna yara. Mai fatsa ya zo ya jefa, mai koma ya zo ya tara, kowa ya sami na miya ya tafi. Ba wanda ya taɓa tunanin dasa wani abu a ciki, don kowa ya san ƙofa ce, ba a tare ƙofa.

A shekarar, attaruhu na sa a gonar baki ɗayanta. Na yi latti saboda ruwa ya yi lattin zuwa mana, amma Allah ya sa ya kama, ya yi duhu, ya yi 'ya'ya har rassan suna sunkuyawa. Lokacin da nake ba da labari ya fara ja ke nan. Shi ne tuwon gidana na shekara, shi ne takin da zan sa wa shinkafar damina. Duk manomi ya san halin attaruhu. Yana son ruwan sama, in dai zai zuba ya wuce. Amma ruwa ya kwanta masa a gindi ya kwana ya wuni, to ka fara neman abin da za ka shuka a gurbinsa.

Wata safiya na zo gona na tarar da amalanke a bakin magudanar, shaƙe da rassan mangwaro da na marke. Taubashina yana cikin ruwa daga shi sai gajeren wando, yana cusa reshe a laka yana hawa kansa da ƙafa. Ya riga ya kafa layi guda tun daga wannan gaɓa har waccan.

Na ce, "Kai, uban me kake yi a nan?"

Ya ɗago yana washe baki. "Gida nake gina wa kifi, bawana. Kai ma in ka yi biyayya zan ba ka ciki da falo."

"Nan fa bakin magudana ne. Ruwan farko in ya sauka, ta ina zai fita?"

"Ta tsakanin rassan mana. Kifi ma yana wucewa balle ruwa. Mu da muka kafa wa teku guda ba ta yi ƙorafi ba, sai wannan ɗan fitsarin naku?"

"Tekunku tana kwaso kacala? Tana kwaso karan masara da leda da buhunan taki? Duk sharar gonakin nan ta nan take bi. In ta sarƙe a rassan nan, madatsa ka gina, kuma gonata ce a bayanta."

Ya kalli yaran da suka turo masa amalanken ya ce, "Kun ji baƙin ciki ko? Tun muna yara haka yake. Kafin ruwa ya sauka na kwashe kifina na tsige kayana. Kai dai ka tanadi kwano."

Na ce, "Wallahi ba wasa nake yi ba."

Nan fa ya bushe da dariya har ya kusa zama cikin ruwan. Da wannan kalmar muke fara duk wata tsiya da muka taɓa shirya wa juna. Da ita na taɓa tura shi Kura a ƙafa neman wani baƙo da ba a haife shi ba.

Da yamma na tafi wajen mai unguwa. Dattijo ne mai sauraro, ya raba rigimar ruwa tsakanin manoma ba iyaka. Na durƙusa na gaishe shi, na fara bayani. Matsalar, bakina bai san wata hanyar ambaton mutumin nan ba sai wadda ya saba. Ina buɗe baki na ji na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ɓarawon ɗan gwaggon nawa ne." Shi ke nan. Dattawan da ke kan tabarma suka gyara zama suna murmushi, irin na wanda aka kawo masa goro. Na yi bayanin magudana, na yi na attaruhu, na rantse. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Yau kuma da wannan ka zo? Jiya shi ma ya zo ya ce in kama masa kai, wai ka gudu daga bauta. Ku je can ku ƙarata, ni ba na shiga tsakanin taubasai."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tura mutum ya gani da ido."

Ya ce za a tura. Har yau ana turawa.

Na je wajen gwaggo. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Ni kada ku sa ni a shirmenku. Kun girma kun haifa, har yanzu ba ku daina ba." Na fito daga gidan. A ƙauyen nan kaf, in maƙwabci ya karya maka kunya ya saci ruwan rabin yini, akwai inda za ka kai shi a zauna. Ni ana shirin nutsar min da gona da rana tsaka, kowa kuma yana ganin nishaɗi ake yi masa.

Kwanaki suka wuce, zafi ya ƙaru, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma yana komawa. Rassan suka yi kore da gansakuka. In ka tsaya a gaɓa za ka ga ruwan yana motsi da kifi, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba, dabarar tana aiki. Kullum na ce ya kwashe, sai ya ce bai nuna ba, kamar wani mangwaro.

Ranar da na gaji, na tuɓe riga na shiga ruwan da kaina. Tsakar rana ce, bakin kogin cike da masu wanke karas da masu wanke babura. Na kama reshen farko na jijjiga na tumɓuke, na wurga gaɓa. Na kama na biyu. Ban san wanda ya kai masa labari ba, sai ganinsa na yi ya taho a guje ya faɗo ruwan. Ya riƙe reshen, na riƙe. Yana dariya da farko. Da na sakar masa reshen na kai masa naushi a baki, dariyar ta tsaya, ya rama a idona. Muka kama juna muka zube cikin laka. Na danna kansa cikin ruwa, kuma Allah ya sani a wannan lokacin ba ni da niyyar ɗagowa da wuri. Ya kuɓuce ya shaƙe ni har na ga duhu.

Abin da nake ji a gaɓa tafi ne da ihu. "Kayar da shi, ɗan namiji!" "Kada ka ba mu kunya, ɗan mace!" Wani yaro ya ɗaga waya yana ɗauka. Mutum ɗaya ne ya shigo ruwan da takalminsa, wani mutumin Filato da yake haya a gonar da ke sama da tawa. Ya shiga tsakaninmu yana cewa, "Ku bari, za ku kashe juna!" Aka yi masa ca daga gaɓa: "Kai, fito, ba ka san kan garin ba, wasa suke yi." Ya dubi jinin da ke zuba daga bakin taubashina, ya dube ni, ya ce, "Wannan ba wasa ba ne." Baƙo ne kaɗai ya gani, shi kuma ba mai jin tasa.

Abin da ya fi ƙona min rai, shi kansa taubashin nawa, yana tofar da jini, sai ya sake washe baki ya ce wa jama'a, "Kun ga bawa ya yi ƙiba, yana dukan ubangidansa." Aka sake kwashewa da dariya. Manya suka ce to ya isa, a bar masa kayansa zuwa jibi ya aro taru a Kura, in ya kwashe kifin kowa ya huta. Har da mai cewa in na ƙara taɓa rassan, to na ɓata wasa.

Washegari da la'asar iska ta taso, ruwa ya sauka. Bai ma yi wani yawan a zo a gani ba. A gonakin sama murna aka yi. Ni ina tsaye a kunyata ina kallon magudana tana cika, tana tafe da duk abin da rani ya tara: busasshiyar kacala, kara, leda, robobin maganin feshi, har da mushen kaza. Suka isa rassan suka tsaya. Na gaba ya tsaya, na baya ya hau kansa. Kafin magariba ruwan ya daina tafiya gaba, ya juyo yana hawa gonata a hankali, kunya bayan kunya.

Ni da mutumin Filaton muka shiga da gatari da adda. Ruwan ya kai wuya, sharar ta danne rassan ta yi tauri, in ka sare ɗaya sai goma su matso su cike gurbin. Muka fito ba mu buɗe ko tafin hannu ba. Mai gidan kifin kuwa yana Kura wajen aron taru, ruwa ya tare shi, can ya kwana.

Ruwan ya kwanta a gonar har ya gaji don kansa, yana tsiyaya ta 'yan kafofi. Da ya janye sai rana ta fito da ƙarfinta. Na zo da safe na ga ganyen ya saki jiki kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Zuwa yamma 'ya'yan sun fara zuba, ja da kore, cikin laka. Na tumɓuke gindi ɗaya, saiwar ta yi baƙi tana wari. Na bi layi layi ina dubawa ko akwai wanda ya tsira, ban samu ba. Na zauna a kan kunya na yi kuka, da girmana, ba na jin kunyar faɗa.

Shi kuwa sabon ruwa alheri ya zame masa. Tarwaɗa ta biyo shi ta hauro daga kogi, ta tarar da karfasa a cikin rassan, duk suka cunkushe. Ranar da ya ja tarunsa rabin gari yana bakin ruwa. Daga gonata ina jin sowa duk lokacin da aka ɗago babba. An cika daro an cika buhu. A daren nan babu gidan da bai yi ƙaurin kifi ba, har gidan mai unguwa an kai.

Washegari bayan sallar la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar masallaci, sai ga taubashina a kan babur da daro a baya. Leɓensa bai gama sacewa ba. Ya sauke daron a gabana, manyan tarwaɗa ne suna ta motsi. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ina bawan nan nawa? Zo ka durƙusa ka karɓi rabonka. An ce gonarka ta zama tafki. Baɗi a ciki zan kafa rassan, mu raba."

Aka yi dariya, aka juyo ana jiran tawa. Na ga a idonsa ya san abin da ya faru da gonar, kuma wannan daron da wannan zagin su ne ban-haƙurin da ya iya. In na rama, an wuce wurin ke nan, attaruhuna ya zama labarin da za a riƙa bayarwa a wajen biki ana riƙe ciki.

Na miƙe tsaye. Na miƙa masa hannu biyu, na mayar da hannuna ƙirji. Na ce, "Sannu da zuwa, Malam. Ya aiki? Ya iyali? An gode ƙwarai, Allah ya ƙara buɗi. Sai dai a gidanmu an riga an yi cefane."

Dariyar ta ɗan ci gaba, don wasu sun zaci sabon salo ne. Taubashina ya ce, "Kai, mai kan tulu, ni kake ce wa Malam?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam."

Dariyar ta ɗauke, ba ka jin komai sai tarwaɗa tana bugun daro. Wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, abin har ya kai haka?" Mai unguwa yana wurin. Ya shiga laluben carbinsa.

Washegari da na zo gona na tarar da taubashina shi kaɗai a cikin ruwa. Ya tsige sauran rassan kaf, ya kwashe sharar ya tara a gaɓa, har ya hauro cikin magudanar yana yankan kacalar da ba shi ya shuka ba. Abin da na nema da roƙo, na nema da rantsuwa, na nema da dambe ban samu ba, gaisuwa ɗaya ta samo min shi bayan attaruhun ya mutu. Wannan bai sanyaya min rai ba, ƙara hura ni ya yi. Ashe yana ji, ashe duk suna ji. Na yi masa sannu da aiki na wuce. A daminar nan rabin gonar na bayar haya, na yi ƙwadago a gonakin yaran da na girma, matata ta sayar da awakinta muka sayi masara.

Bayan an yi girbin shinkafa gwaggo ta aiko a kira ni. Na tarar da taubashina a ɗakinta, zaune a ƙasa, ya sunkuyar da kai. Na gaishe ta, na juya na gaishe shi, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar yara. Gwaggo ta ajiye muciyar da ke hannunta.

Ta ce, "Ɗan nan, zage shi."

Da ta ga ban zage shi ba, ta sake juyowa kaina.

"Ka zage shi ko sau ɗaya ne in ji da kunnena. Ni da ubanka ciki ɗaya muka fito. Ka ce masa ɓarawo, ka ce masa bawa, ka faɗi duk abin da ya zo bakinka. In duka ne ma tashi ka dake shi, ga shi nan."

Shi ma ya ɗago ya ce, "Ka ce min mai ƙafar agwagwa mana. Ai kai ka sa min sunan."

Zagin duk yana nan a bakina, na shekara da shekaru, ko nema ba sai na yi ba. Na dube shi, na tuna tafin da aka yi mana a bakin kogi. Na ce, "Gwaggo, ai Malam bai yi min komai ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya fuskarta bango ta ce mu tashi mu ba ta wuri.

Muka fito tare. A ƙofar ɗakin ya tsaya yana laluben takalminsa da ƙafa, hawaye ya hana shi gani sosai. Na sunkuya na ɗauko su, na ajiye a gabansa, na juya masa su yadda zai zura ƙafa, kamar yadda ake yi wa baƙo.